Kolorado ko Duwatsun Cascade: Ina Sabon Shiga Zai Fara Taka Dajin Dusar Ƙanƙara?

Duk Bahaushen da karatu ko aiki ya kai shi yammacin Amurka, in dai ya yi hunturu biyu ko uku, wata rana sai abokan aiki sun ja shi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A filin da kamfani ke kula da shi ake farawa, inda ma'aikata ke fita da sassafe su jefa nakiya a gangaren da suke zargi, abin da zai zube ya zube kafin a buɗe ƙofa. Da ƙafa ta fara zama sai a soma yi maka tayin tsallake igiya a shiga dajin dutse, inda babu layi, babu kuɗin tikiti, babu kuma wanda ya jefa nakiya dominka. A nan ne zaftarewar dusar ƙanƙara ke kashe mutane, kimanin 27 a kowane hunturu a Amurka, kuma a cikin kowane haɗari goma, kusan tara wanda abin ya ci ne ya tayar da ita da ƙafarsa, ko wani daga cikin abokan tafiyarsa.

Wurare biyu aka fi yi wa mutum tayi: duwatsun Kolorado da ke bayan Denver, da duwatsun Cascade na jihar Washinton da ke bayan Seattle. Wanda ya kalli hotunansu zai yi wa rogo kallon kitse. A Kolorado sama garau take yawancin ranaku, dusar ba ta da zurfi sosai, ga ta sakayau kamar garin alkama. A Cascade kuwa hadari ne da hazo, dusar ta binne alamomin titi, ta yi nauyi har mutanen wurin suna kiranta kankare. A dutsen Baker, cikin hunturun 1998 zuwa 1999, an auna inci 1,140 na dusar da ta sauka, kusan mita 29 ke nan, kuma har yau shi ne adadi mafi yawa da aka taɓa aunawa a hunturu ɗaya. Hankali zai ba ka cewa inda dusa ta fi yawa nan mutuwa ta fi yawa. Amma tun daga 1950 babu jihar da zaftarewa ta kashe wa mutane kamar Kolorado, wajen mutum 6 a shekara idan aka yi matsakaicin lissafin shekarun baya-bayan nan, kuma a hunturun 2020 zuwa 2021 da aka rasa mutum 37 a faɗin ƙasar, 12 daga nan suke. Yawan masu shiga dajin jihar yana cikin dalilan, amma babban dalilin yana can ƙasa, inda dusar ta haɗu da turɓaya.

Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take, kowane hadari ya zo ya shimfiɗa nasa. Zaftarewar da ta fi kisa tana faruwa ne idan wani hawa mai tauri ya zauna a kan wani mara ƙwari. Mai gini ya fi kowa gane wannan: a zuba dekin a kan yashin da ba a cuɗa da siminti ba, sannan a jingina ginin a gangare. Dekin zai zauna lafiya lau har ranar da aka ɗora masa nauyin da yashin ba zai ɗauka ba, sai ya tsage gaba ɗaya ya zame. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan gudunsa kan kai kilomita 130 a awa.

Yadda yashin ke samuwa shi ne ya raba jihohin biyu. Ƙasar da dusa ta rufe tana zama wajen digiri 0 duk hunturu. A Kolorado dusar farko takan sauka a Oktoba ko Nuwamba, 'yar kaɗan, a ce rabin mita, sannan a yi makonni babu hadari, dare kuma sanyi ya kai digiri 15 ko 20 ƙasa da sifili. Ƙasa da ɗan ɗumi, sama da tsananin sanyi, tazarar da ke tsakani kuma gajera. Sai tururin ruwa ya riƙa tashi daga ƙasa zuwa sama yana sake ƙera ƙwayoyin dusar, su zama manya masu kusurwa, ba sa manne da juna, ka damƙa su zube ta tsakanin yatsu kamar sukari. Masana sun ce bambancin digiri 10 a kowace mita ya isa a fara wannan aiki, rabin mitar Kolorado a daren da ya kai 15 kuwa ta ninka hakan sau uku. Da hadarin Disamba da Janairu suka zo, sai su zuba dekin a kan wannan sukari, iskar yamma kuma ta kwaso ƙari ta jibge a gangaren da ke kallon gabas da arewa. Sukarin ba ya warkewa da wuri. Yana nan kwance a Fabrairu, yana nan a Maris, macijin ƙaiƙayi.

A Cascade lissafin ya juye. Tekun Fasifik na kusa, hadari na bin hadari, dusar ta kai mita 3 ko fiye, sanyin kuma bai cika yin nisa da digiri 0 ba. Bambancin zafi a kowace mita ɗan kaɗan ne, nauyin sama yana danne na ƙasa, ƙwayoyi su dunƙule su kama juna. Hatsarin yakan tashi da hadari ya sauka bayansa. Ranar da ake zuba, da kwana ɗaya ko biyu da ke biye, dutsen ba wurin zuwa ba ne, musamman idan iska mai ɗumi ta biyo baya ta mayar da dusa ruwan sama, domin ruwa a kan sabuwar dusa yakan saukar da gangare cikin mintuna. Haka aka yi a Wellington, kusa da mashigin Stevens, ranar 1 ga Maris 1910. An kwana tara ana zuba dusa, jiragen ƙasa biyu suka maƙale, sai aka koma ruwa da tsawa, dutsen ya sauko ya tafi da jiragen cikin kwari, mutum 96 suka mutu. Har yau ba a yi zaftarewar da ta kai ta kisa a Amurka ba. Amma irin wannan hatsari yana sallama kafin ya shigo. Ana ganin hadarin a hasashen yanayi, ana jin ruwan a kan rufin mota, mai haƙurin kwana biyu ko uku yakan tarar abin ya lafa sosai.

Abin da ya sa nake ganin Kolorado ta fi wahalar koyo shi ne ba ta gyara wa mutum kuskurensa da wuri. Ka taka gangare mai sukari a ƙasa, bai zube ba, sai ka ɗauka ka iya. Mutum ashirin su bi ta nan su bar sawu, na ashirin da ɗaya ya taka inda dekin ya yi siriri, kusa da wani dutse da dusa ta rufe, tsagar ta ruga ta ƙarƙashi ta saukar da gangaren duka har da sawun waɗanda suka riga shi. Tana ma iya tashi alhali kana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri a gindin dutsen. Wani lokaci za ka ji ƙasa ta yi "wuf" a ƙarƙashinka kamar an zauna a kan katifa, ko ka ga tsaga ta harba gaba daga ƙafarka. Wanda ya ji wannan ya juya gida. Sai dai ba kullum take yin gargaɗin ba.

Ranar 20 ga Afrilu 2013, a Sheep Creek kusa da mashigin Loveland na Kolorado, mutum shida suka bar mota suka fara hawa. Ba baƙin dutse ba ne, suna da kayan ceto, sun karanta hasashen ranar, sun ma bar tazara a tsakaninsu. Ba su yi nisa da titi ba gangaren da ke samansu ya tsage, faɗinsa wajen mita 240, ya karye a kan sukarin da ya kwanta tun farkon hunturu. Biyar suka mutu, na shidan ya yi kusan awa huɗu a binne kafin a tono shi da rai. Wata biyar ke nan tsakanin samuwar lahanin da ranar da ya yi kisa.

Kada kuma a ɗauka Cascade ta tsira daga wannan. Idan aka yi 'yan kwanaki sama ta washe babu iska, raɓa takan daskare a saman dusar ta yi kamar gashin tsuntsu, hadari na gaba ya binne ta a tsaye, ta zama nata irin yashin. Irin wannan hawa ne ya karye a Tunnel Creek, bayan filin wasan Stevens, ranar 19 ga Fabrairu 2012, bayan an kwana biyu ana zuba sabuwar dusa. Tawagar ta haura mutum goma, ƙwararru ne, wasunsu sana'arsu ke nan, uku suka mutu. Wata mace da zaftarewar ta tafi da ita ta tsira bayan ta ja igiyar jakar balan-balan da ke bayanta, jakar da ke kumbura da iska don ta hana mutum nutsewa cikin dusa. Bambancin dai shi ne a Cascade ɓoyayyen lahani baƙo ne mai zuwa wasu lokuta, a Kolorado kuwa ɗan gida ne kusan kowace shekara.

Cascade na da nata tarkon da ba zaftarewa ba. Rassan manyan itatuwa kan hana dusa taruwa a gindinsu, sai a sami rami mai zurfi da sako-sakon dusa a bakinsa. Wanda ya faɗa da ka ya kasa juyowa, numfashi ya ƙare masa ko da abokinsa na can gaba kaɗan yana jira. Ga hazo da kan sa ka kasa bambance sama da ƙasa, ga jiƙewa, wadda ta fi busasshen sanyin Kolorado saurin shiga jiki. Sannan idan dusar wurin ta binne mutum, nauyinta ya fi matse shi. Alƙaluman Suwizalan sun daɗe suna nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tono cikin kusan minti 15 suna rayuwa, zuwa minti 35 kuma sai kusan kashi 30. Da aka gwada da na Kanada, sai aka ga a yankunan da ke kusa da teku damar tana faɗuwa tun kafin nan. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda ke mutuwa ma ba toshewar numfashi ke kashe su ba, karo da itace ko dutse ne, gangaren Cascade kuwa cike suke da itatuwa.

Akwai wani batu da abokan aikinka Turawa ba za su tuna maka ba, domin bai cika shafarsu ba, shi ne tsawo. Mashigin Stevens mita 1,238 ne, kusan tsawon Jos, Snoqualmie ma bai kai 1,000 ba. Denver kanta mita 1,609 take, mashigin Berthoud ya haura 3,400, Loveland kuma 3,655, a nan ake ajiye mota kafin a fara hawa. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, na Bagzan a Nijar kuma 2,022. Ga mai lafiya wannan haki ne da ciwon kai na kwana biyu. Amma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS, da yawa ba su ma sani ba, kuma likitoci sun san cewa ƙarancin iska a irin wannan tsawo, haɗe da wahala da ƙishirwa, kan iya toshe jini a saifar mai AS. Ba kasafai yake faruwa ba, alamarsa dai ciwo mai tsanani a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, kuma wanda ya ji shi ya sauko ya nufi asibiti, ya gaya musu irin jininsa. Mai sikila kuwa sanyi da tsawo duk suna tayar masa da ciwo, kada ya yanke wannan shawara sai da likitansa. Wanda bai san jininsa ba ya yi gwaji kafin ya sayi tikitin Denver. A wannan fanni Cascade ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta fuskar hasashe babu wadda ta bar wata a baya. Kolorado na da cibiyar hasashen zaftarewa mai suna CAIC, wadda asalinta ya koma 1973, Washinton na da tata mai suna NWAC a Seattle, dukkansu suna fitar da bayani kullum a intanet kyauta, da ma'auni iri ɗaya mai hawa biyar: kore, ɗorawa, ruwan lemo, ja, baƙi. Ja da baƙi ba su cika cin mutane ba, tunda kowa na gida. Na uku, ruwan lemo, shi ya fi kisa. Abin lura shi ne launi ɗaya ba ma'ana ɗaya yake da ita a wuraren biyu ba. Ɗorawa a Cascade kwana uku bayan hadari sau da yawa tana nufin 'yan wuraren da iska ta tara dusa, waɗanda ido zai iya gani a kauce musu. Ɗorawa a Kolorado cikin Fabrairu kan nufin da wuya ka tayar da ita, amma in ka tayar za ta karye har ƙasa. Don haka a wuce launi a karanta irin matsalar da aka ambata, da fuskar dutsen da take, da tsawon da take.

Makamin da ke aiki a ko'ina shi ne karkatar gangare. Yawancin zaftarewa na tashi ne tsakanin digiri 30 da 45, ta fi yawa wajen 38. Ƙasa da 30 da wuya dekin ya zame, in dai babu gangare mai tsini a samanka, wanda shi ne ya ci mutanen Sheep Creek. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan farar dusa bai san ta ba, sai an auna da ɗan ma'auni ko taswirar waya mai nuna karkata da launi. A Cascade wannan doka ta 'yan kwanaki ce bayan kowane hadari, sai in hasashe ya ambaci ɓoyayyen hawa. A Kolorado tsofaffin hannu da yawa suna riƙe ta tun Disamba har Afrilu, suna kallon kyawawan gangare suna wucewa. Tambayar da mutum zai yi wa kansa ita ce ko yana da wannan haƙurin na wata huɗu, a rana mai haske, abokai na cewa ai jiya wasu sun bi lafiya. Ni dai na fi yarda da haƙurin kwana uku a wurin sabon shiga, musamman baƙo a cikin tawaga, wanda kunya da kara za su hana shi cewa a juya.

Kaya da horo kuɗinsu ɗaya ko'ina. Na'urar da ake ratayawa a ƙirji mai aika sigina don a gano inda dusa ta binne mutum, sandar lalube mai naɗewa ta wajen mita 3, da shebur na ƙarfe, waɗannan uku ba a fita babu su, kuma kowa a tawaga sai ya riƙe nasa, domin abokinka ne zai tono ka, masu ceto daga gari gawa suke tararwa. Jakar balan-balan tana taimakawa wajen hana nutsewa amma ba ta hana karo da itace, saboda haka ta fi amfani a buɗaɗɗun gangaren Kolorado da ke sama da iyakar itatuwa fiye da cikin kurmin Cascade, ko da yake ta yi rana a Tunnel Creek. Kwas ɗin matakin farko na AIARE, cibiyar koyar da sanin zaftarewa ta Amurka, kwana uku ne, ɗaruruwan daloli, ana yin sa a jihohin biyu. A nan Kolorado na da wata fa'ida: duk ramin da malami ya haƙa a Janairu za ka ga sukarin da idonka ka taɓa shi da hannu, abin da ɗalibin Cascade kan iya gama kwas bai gani ba. Wanda ya koya a Seattle sannan aiki ya mayar da shi Denver, ya ɗauki kansa ɗan aji ɗaya. Dabi'ar jira kwana biyu a fita, wadda ta raya shi a can, a nan ita za ta kai shi ga halaka.

To wanne za a zaɓa? Wanda ke zaune a ɗaya daga cikin biranen biyu ya koyi dutsen da ke bayan gidansa, domin sanin dusa na buƙatar bin labarinta tun daga faɗuwar farko. Wanda kuma zai hau jirgi daga Houston ko New York ya yi mako guda tsakanin Disamba da Maris, ina ba shi shawarar Cascade, da jagora mai lasisi, da sharaɗin ya yarda cewa ruwan sama na iya cinye masa rabin hutun yana zaune a masauki. In kuma Kolorado zuciya ta nace wa saboda rana da sakayau ɗin dusarta, ya tsaya cikin filin kamfani, ko ya bi gangaren da bai kai digiri 30 ba kuma babu komai a samansa.

Lokacin Kolorado na gaskiya ga mai son hawa mai tsini shi ne Mayu zuwa farkon Yuni, bayan rana ta narkar da dusar dare ya daskarar da ita sau da yawa har hawa-hawan sun zama abu ɗaya. A lokacin hatsarin ya koma bin agogo. Ana duba ko daren jiya ya daskare sosai, in bai daskare ba a fasa. Ana barin mota tun duhu, sau da yawa sallar asuba a bakin hanya ake yin ta, a kai ƙololuwa da hantsi, a sauko yayin da saman dusar ya ɗan yi laushi kamar yatsa biyu. Gangaren gabas shi rana ke fara dafawa, sai kudu, sai yamma. Da takalmi ya fara nutsewa har idon sawu a cikin jiƙaƙƙiyar dusa, ko ƙananan dunƙule suka soma gangarowa da kansu daga duwatsun sama, lokacin zama a wurin ya wuce, ko da agogo bai kai ƙarfe goma ba. Gangaren arewa masu tsawo su ke zuwa ƙarshe wajen warkewa, kuma a shekarar da sanyi ya daɗe suna iya riƙe sukarinsu har cikin Mayu, don haka ko a wannan wata sai an buɗe shafin CAIC a daren da za a fita.